Kafaɗar da Ba Ta Yi Kanta Ba

Jakar Jamila tana jingine a bakin ƙofar ɗakinmu a Jikwoyi, an zuge ta tsaf. Jibi za ta tafi jami'a a Sakkwato, shekararta goma sha bakwai. Babanta sai washe baki yake yana ba maƙwabta labari, ni kuwa tun da aka sa ranar tafiyar ban taya shi murna ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Kuma na san inda na samo shi, a gindin murhun Kakata ne, a ƙauyenmu da ke bayan Gwagwalada.

Kaka, mahaifiyar Mamata, 'yar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwari. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace da namiji. Akuya "shi", ni "shi", Mama ma "shi". In an yi magariba an ci tuwo, sai ta tura doya cikin toka, mu kewaye ta, ni da yayana Danjuma da yaran maƙwabta. Ko buɗe tatsuniya a karkace take yi.

"Ga shi nan, ga shi nanku."

Mu kwashe da dariya mu ce, "Ya zo mu ji shi!"

Ta sakar wa na kusa da ita ranƙwashi. "Ja'irai. Ku da Hausa, ni da labari."

Amma akwai guda ɗaya da ba a yi wa dariya. Matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka cikin ƙatuwar ƙwarya. Kaka takan ce kai sarki ne, aikinsa tunani, ba a mai da sarki ɗan dako. A wajenta ba a lissafa girma da shekaru. Ranar da fatar kafaɗa ta yi tauri ta yi kanta, ranar mutum ya isa barin gidan uwarsa.

To, wai wani yaro ne yake hango fitilu a bayan dutse, sun fi taurari yawa. Ya ce zai je. Uwarsa ta danna kafaɗarsa, ta ji ta da laushi kamar burodi, ta ce ba inda za shi. Da asuba ya sulale ta bayan danga. A gindin dutsen ya tarar da wata mata mai kyawawan kaya da murmushi, ta ce ya taya ta ɗaukar ƙunshinta, za ta kai shi wajen fitilun. Ya ɗora a kafaɗa, kafaɗa ta hau raɗaɗi. Matar ta ce, "Mai da shi ka mana, a can kowa a ka yake ɗauka."

Nan Kaka take sassauta murya har sai mun matso.

"Ya ɗora a kai. Taku ɗaya, ya manta sunan gari. Taku biyu, ya manta sunan uwa. Taku uku, nasa sunan ma ya faɗi a hanya."

Ba dodo, ba kura, ba wanda ya cinye shi. Wallahi da cinye shi aka yi da mun fi samun barci. Wai har yau yana tafe da ƙunshin a kansa. In yamma ta yi yakan bi ta bayan gidaje yana shinshinar hayaƙi, ya san akwai wutar da take tasa, amma ya kasa gane wacce ce.

Daga nan sai Kaka ta karkatar da kunne wajen danga. Ko akuya ce ta taka busasshen ganye, sai in ƙara matsawa gindin murhu. Ta ƙara itace a wuta alhali an gama girki. Mu yi ta jiran ƙurunƙus, ba ta taɓa faɗa wa wannan tatsuniya ƙurunƙus ba.

Danjuma ne ya fi shan wuya. Ko bayan gida ba ya iya zagawa sai na riƙe masa fitila. Ni kuwa ina lallashin kaina, ai yaro aka ce, maza ne masu rawar ƙafa. Har tsokanarsa nake, "Kawo kafaɗar in taɓa, ɗan burodi!"

Sai bayan rasuwar Kaka, ina da cikin Jamila, muna kwashe kayan ɗakinta, na jawo wata 'yar ƙwarya daga ƙarƙashin gado, an shafe ta da mai tana sheƙi. Na ce ta wace ce? Mama ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ta Laraba ce, yayata. Lokacin da ake gina birnin tarayya wata mata ta zo da mota tana neman 'yar aiki. Kakarki ta ce a'a. Laraba tana da shekara goma sha uku, da asuba ta bi ta bayan danga. An duba unguwar Durumi, an duba ko'ina. Shiru har yau."

Na ce, "Amma ai yaro ne a tatsuniyar."

Mama ta dube ni da jajayen idanu. "Wane yaro? Kin taɓa jin Kakarki ta ce 'ta'?"

Innalillahi. Duk shekarun nan muna mata dariyar Hausa, ashe tsohuwa 'yarta take jira, ita take ƙara wa itace. Kuma ashe ba Danjuma ake ja wa kunne ba, ni ce.

Jiya Jamila tana tsefe kai a tsakar ɗaki, na zo ta baya na danna kafaɗarta. Laushi. Yaran yanzu ina za su samo kanta, ko ruwa mai kura ke kawo mana har ƙofa?

"Mama, lafiya?"

Bakina ya cika da a'a. Na ji ta a kan harshena, irin a'ar da Kaka ta faɗa. Sai na tuna abin da ya fi ba ni tsoro a labarin, ba fitilun ba ne, ba matar ba ce. Dangar ce. Da ta ƙofar gida Laraba ta fita, da an san motar, da an san gidan da za a je a ƙwanƙwasa.

Na haɗiye a'ar. Na ce, "Faɗa mini sunan ƙauyenmu." Ta faɗa tana dariya. "Sunan uwarki fa?" Ta faɗa. Na ce, "Duk wanda ya ce ki taya shi ɗaukar kaya, komai murmushinsa, kira ni tukuna." Dariyar ta tsaya, ta ce to.

Jibi ni zan raka ta tasha, ta ƙofar gida, rana tsaka, in ga fuskar direba da idona. Ni ba ni da murhun da zan ƙara wa itace, a gas nake girki. Waya ce kawai, ita ma na sayo mata ƙarin batir don kada wuta ta ɗauke ta mutu. Zan ajiye ta kusa da kunnena. Ƙurunƙus kuwa, sai ranar da na ji takun Jamila a bakin ƙofar nan.