Baba Ɗumi da Ɗakin Ƙarshe

Kafin masu shara su jiƙa tsumma, Baba Ɗumi ya riga ya sauka ɗakin injuna da ke ƙarƙashin gidan jinyar tsofaffi. Sai ya tsaya ya saurari ƙaramin injin da ke tura ruwan zafi, ya dafa hita, wato tukunyar ɗumama ruwan, da tafin hannu, sannan ya hau sama ya bi doguwar baranda yana shafa bututun da ke jikin bango, ɗaki bayan ɗaki, har na ƙarshe. A ɗakin ƙarshen nan mahaifiyata take kwance tun da ɓarin jikinta ya shanye, kuma a nan na san shi.

Sunansa na yanka ban taɓa jin an kira ba. Masu jinya ne suka laƙaba masa Baba Ɗumi, ya amsa ba gardama.

Ginin dogo ne, hita kuma tana can ƙasa. A da, in ka buɗe famfo a ɗakin ƙarshe, sai ruwan da ya kwana a bututu ya gama tsiyayewa, sanyi ƙalau, kafin mai zafi ya iso. Mai jinya da ke da gadaje rututu a gabanta ba ta da lokacin wannan jira, da na sanyin take yi wa tsofaffi wanka. Babbar mai jinya, wadda muke kira Anti, ita ta ba ni labarin abin da ya yi. Ya ja bututu na biyu daga ɗakin ƙarshe ya koma da shi har wurin hita, ya ɗaura inji a kai don ruwan ya riƙa zagayawa. Ya ja wa injin wayarsa daban, da fis ɗinsa, da wayar ƙasa don kada wuta ta ja mai jiƙaƙƙen hannu. Sai kuma ma'aunin zafi, wani ɗan abu kamar yatsa, mai kunna injin in ruwa ya huce, ya kashe shi in ya yi zafi. Wannan bai ɗaura shi kusa da hita inda ya fi sauƙi ba. Ya ja waya har ƙarshen baranda, ya ɗaure shi a bututun da ke fitowa daga ɗakinmu.

Na taɓa ce masa, "Baba, me ya kai ka wannan wahala haka?"

Ya ce, "'Yata, injin nan ba shi da wayo. Abin da ya ji shi yake bi. In na bar shi a gindin hita, kullum zai ɗauka kowa lafiya lau. Gara ya ji abin da na ƙarshe yake ji."

Hannun Inna na dama a dunƙule yake tun da ciwon ya same ta. In ba a wanke cikinsa ba, fatar tana ruɓewa. Da ƙarfi ba ya buɗuwa, da ruwan sanyi ma ƙara damƙewa yake yi, tana rintse ido hawaye na bin kunnenta. Amma in aka tsoma shi a ruwa mai ɗumi, sai yatsun su saki da kansu, ɗaya bayan ɗaya. Baba Ɗumi kan leƙo ya ce, "Hajiya, yau dai za a gaisa da ni ko?" Ita da ba ta magana, sai gefen bakinta ya motsa.

Kai ne, Baba, ka buɗe hannun uwata ba tare da ka taɓa shi ba.

Bara idonsa ya fara hazo. Anti ta ce wata safiya ya kira ta ɗakin injuna, ya ɗaga mata waya biyu ya ce, "Wacce ce ja a nan?" Ta nuna masa. Ya ajiye filaya, ya ce, "Ranar da na fara tambayar launin waya, na gama aiki. Tsofaffi ne ke wanka a ƙarshen wayar nan." Da kansa ya kai makullai ofis. Aka tafa masa, aka ba shi agogon bango, mutumin da ba ya ganin lamba.

Ba a ɗauki kowa a madadinsa ba. Injin ya yi ta fama shi kaɗai, wata rana ya yi gurnani ya tsaya. Na je ofis har na gaji da jin "ana dubawa". Ban san abin da ake dubawa ba. Na dai san abin da nake gani a tafin hannun Inna, kuma wallahi zuciyata ta karaya. Ɗakunan farko suna kusa da hita, ruwansu da zafi, masu su ba su da abin ƙorafi. Mu na ƙarshe muryarmu ma kafin ta kai ofis ta huce.

Da labari ya kai wa Baba Ɗumi, sai ga shi da sanda da bokiti. Yanzu kullum da safe yakan tari ruwa a ɗakin farko, ya bi bango da kafaɗa, yana tafe ruwan na tsiyaya a wandonsa. Na ce ya bari ni zan ɗauko, ya ce, "Ke riƙe mata hannun. Ruwa aikina ne."

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka ido, ya ba ka mai kula da kai yadda ka kula da iyayenmu. Ku kuma masu karatu, in akwai mai sanin waya a cikinku, ya zo don Allah. Baba yana nan a benci, bakin ƙofar ɗakin injuna, testar gwada wuta a aljihu. Duk hanyar wayoyin nan tana kansa, ido kawai yake nema aro. In ba ku iya waya ba, to duk inda kuke aiki, ku je ɗakin ƙarshe ku tara hannu a famfo.

Har yau dai ba wanda ya zo. Da safen nan ya iso da rabin bokiti yana haki, ya tsoma yatsa a ruwan, ya sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, Hajiya," ya ce. "Ya huce a hanya."

Na tsoma hannun Inna a ciki, muka jira. Yatsa biyu kawai suka buɗe.