Tauraro Ɗaya a Kan Sunan Marwan

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Lahadi, 9 ga Fabrairun 2025, goma ga watan Sha'aban, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Marwan Habi a kan hanyar Dungu. Ya tafi duba garkar raken mahaifiyarsa, babur ɗinsa ya yi karo da amalanken shanu a wata kwana. Kafin la'asar mun rufe shi. Shekarunsa talatin da huɗu.

Marwan, yau kwananka talatin da ɗaya, sai yanzu na iya zama in rubuta. Ka san ni, Sule mai kayan waya, bakina ya fi alƙalamina gudu. Amma kwanakin nan bakin ma ya gaji.

Shekara shida ka yi a ɗakin bayan shagona, kai da ordinatarka, wato kwamfuta, da batirin sola da wata fanka mai kuka. Ranar da ka fara zuwa neman ɗakin na tambaye ka me za ka sayar. Ka ce aiki za ka yi wa wasu mutane a Beljik. Na ce da wace mota za ka riƙa zuwa? Ba ka yi dariya ba. Ka zauna ka yi mini bayani kamar ina ajin lakwal, makarantar boko. Akwai likitan haƙori a can wanda ba shi da lokacin amsa waya da wasiƙu da tsara ranakun marasa lafiya, kai za ka yi masa daga nan. Wadda ta haɗa ku kuma wata mata ce 'yar Filifin, Josilin, mai riƙe da mutane wajen ashirin masu irin wannan aikin.

Ni 'yan Filifin a bakin alhazai na san su, masu jinya a asibitocin Makka. Kai ka faɗa mini yanzu da yawansu sun daina fita ƙasashen waje. Ka ce akwai unguwannin da gida kaɗan ne babu mai wannan sana'ar, mace tana goyon ɗanta tana tsara wa wani Ba'amurke tafiyarsa, malamin makaranta ya ajiye alli ya koma amsa wasiƙun kamfani. Turancin Ingilishi ne da su, ga haƙuri, kuma sun riga kowa kafa rumfa. Faransanci ne ya yi musu ƙaranci, ta nan ka shiga. Na ce ashe can ma kasuwa ce, wanda ya riga zuwa shi ke ba da gefen tabarma. Ka ce haka ne, sai dai a wannan kasuwar ba a ganin fuskar mutum. Shafi ne a intanet da sunanka, duk wanda ka yi wa aiki ya saka maka tauraro, daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta abin da ya gani. Shi ke nan jarinka.

Garin nan bai yi maka adalci da wuri ba, ni ma har da ni. An ce ɗan damfara ne. An ce mai digiri ya rasa aiki ya ɓuya. Ni da ke karɓar gaisuwarka kullum, wata uku na yi ina leƙen ko jandarmomi za su zo. Waɗanda suka fi yi da kai su ne daga baya suke layi a ƙofarka da takardu, wannan rajistar jarrabawar ɗansa, wancan wasiƙar neman aiki. Ba ka taɓa tuna wa kowa abin da ya faɗa ba. Sai dai ka ce a jira ka idan kana kan aikin mutane, ko da kuwa mai gari ne.

Ba zan manta ciwon idon tsohuwata ba. Sau biyu ina kai ta Damagaram ana ce mana likita ba ya nan. Ka ɗauki waya ka gyara murya, ka zuba irin Faransancin da kake yi wa 'yan Beljik, a natse, kana ba da haƙuri kana kuma nuna ba za ka ajiye ba. Aka ba mu rana da awa. Da muka je, mai gadi har yana tambayata wane babba ne ya kira. Na ce masa babba ne ƙwarai, ofishinsa na bayan shagona.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya faru a bayanka, don kai ne mai haƙƙin ji.

Wayarka ta farfashe a hatsarin. Ranar da aka yi sadakar uku, baffanka Alhaji Ibrahim ya sa aka kwashe kayanka daga ɗakina, ordinatar da komai, aka kulle a akwatin ƙarfe, ya rataya makullin a wuyansa. Ka san ƙa'ida, kayan mamaci ba a taɓa su sai ranar rabon gado a gaban malamai. Ni na taya ɗauka. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa a wata ƙasa akwai mutanen da ba su san ka mutu ba. Mu a nan labarin mutuwa da ƙafarsa yake tafiya, kafin a gama wanka ya kai Icirnawa da Yauri. Har ƙorafi aka yi a zaman makoki, wai mutanen da ka yi wa bauta shekara shida ko gaisuwa ba su aiko ba.

A kwana na takwas na buɗe shafinka a wayata, wanda nake nuna wa 'yan kasuwa idan ina fariya da kai. Na ga sabon rubutu a sama, da tauraro ɗaya. Na kai wa Mushe Adnan, malamin makaranta mai koyar da Ingilishi. Ya karanta, sai da na matsa masa sannan ya fassara mini. Likitan ne ya rubuta: ka ɓace ba sallama, marasa lafiya sun zo ba a san da su ba, mabuɗan sirrin asibitinsa suna hannunka, kada kowa ya ba ka amana.

Marwan, na sha jin an zagi mutum a kasuwa na wuce abina. Wannan ya hana ni cin abinci. Kai da ko zazzaɓi kake sai ka aika saƙo tukun ka kwanta.

Na je wurin Alhaji. Ya ce, "Sule, kayan marayu ne. In na buɗe yau, gobe wani ya ce an ɗauki wani abu."

Na ce, "Baba Alhaji, ba abin da za a ɗauka. Sanarwa za a yi."

Ya ce, "Su da ba su zo gaisuwa ba, su ne kuma da fushi?"

Kwana biyu ina zarya. Duk wayon da na koya a ciniki na zube shi, bai motsa ba. Najaha, matarka, ita ta gama maganar daga cikin ɗakin takaba. Ta aiko a ce masa sunan uba ma gadon yara ne, kuma shi ake ci yanzu. Sai ya kira liman da shaidu biyu, aka buɗe akwatin, aka kai mata ordinatar don ita kaɗai ta san lambobinka na sirri. Saƙo arba'in da bakwai muka tarar daga Josilin. Na farko tambaya, na tsakiya faɗa, na ƙarshe roƙo: ko me ya faru, ka ce wani abu.

Mushe Adnan ya kira ta. Ban ji Turancin ba, amma kuka ba ya buƙatar tafinta. Da ta natsu ta tambayi ranar jana'iza, tana so ta aiko da furanni, don su a can gawa takan yi kwanaki ana zaman ta. Aka ce mata kwana goma ke nan da rufe ka. Daga baya ta ce a cikin mutanenta duka kai kaɗai ne ba ta taɓa bin sawun aikinsa ba. Alhaji da kansa ya ce a gaya mata ya yafe rashin gaisuwar.

Likitan ma ya ba da haƙuri, amma wai ba shi da ikon goge abin da ya rubuta, sai masu shafin sun ga takardar shaidar mutuwa. Na yi sawu uku a ofishin magajin gari na samo, aka aika. Muka jira mako biyu. Amsar da ta zo layi biyu ce: suna yi mana ta'aziyya, kuma bisa ƙa'idarsu an rufe shafin mamaci. Na buɗe na ga wayam. Tauraro ɗayan ya tafi, ya tafi da sauran duka, da duk kalmar kirki da aka rubuta a kanka cikin shekara shida. Ko hoton shafin ban taɓa ɗauka ba. Ban san ko nasara muka yi ba. Na dai san babu sauran inda aka rubuta cewa ka ci amana.

Don haka ni zan rubuta nawa a nan, inda ba mai rufewa. Ni Sule Gambo, maƙwabcinka na shekara shida, na shaida ba ka gudu ba. Kiran da ba a cewa a jira ne ya zo maka.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Uwa, da Najaha da 'ya'yanku biyu, da Alhaji Ibrahim wanda ya tsare abin da ya ga daidai ne a tsare, da Josilin wadda aka bari kwana goma tana kiran mamaci. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Allah Ya jiƙanka, Marwan. Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya raya abin da ka bari. Ka yi shekara shida kana jiran hukuncin mutanen da ba su taɓa ganin ka ba. Allah Ya sa ka huta a hannun Wanda Ya san inda kake tun ranar Lahadin. Amin.