Ranar da Na Ƙi Shiga Layin Injiniyoyi

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zai ɗauke ranar buɗe wata gada a hanyar Bida ba, ba da daɗewa da gama yaƙin basasa ba.

Ni injiniyan gada ne, har digiri na biyu na yo a Ingila. Na yi aiki, na ga raina ba ya ciki, na ajiye da hannuna, na buɗe shagon ɗaukar hoto a Minna. Ba korata aka yi ba, ban kuma ci kayan kowa ba. Amma garin nan ya ɗauka: wasu su ce boko ya taɓa ni, wasu su ce jifa ne. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya ci mini rai shi ne Baba, wanda ya daina amsa gaisuwata.

Da aka aiko in zo in ɗauki hoton bikin, na yi murna. Ashe shiri ne. Ina kafa kyamara sai ga Baba cikin dattawa, ga kuma tsohon maigidana na ofis, ya jera injiniyoyinsa a bakin gada, an bar gurbin mutum ɗaya.

"Injiniya," in ji shi da ƙarfi don kowa ya ji, "ajiye akwatin nan ka shigo layi. Kujerarka na nan tana jiranka."

Baba ya dube ni, karon farko a shekarar, ya ce, "Ka ji abin da aka ce."

Na san in na shiga, yau Baba zai sa mini albarka, gobe kuma in koma inda nake mutuwa a zaune. Na ce wa tsohon maigidan nawa, "Ranka ya daɗe, in na shigo layi, wa zai ɗauka? Matsa hagu kaɗan, ka tare na bayanka."

Ya matsa. Na juya na ce, "Baba, don Allah a ɗan ɗaga kai." Ya ɗaga, fuska a murtuke, na danna.

Ni da Baba mun daɗe kafin mu shirya, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa taka shagona ba. Bayan sadakar bakwai, 'yan'uwan da suka fi kowa yi mini dariya suka yi ta sallama a ƙofata, domin duk duniya babu hoton Baba sai wannan. Na wanke wa kowa.

Abin da na koya shi ne, gurbin da aka tanadar maka ba dole ba ne ya zama naka. Da na shiga layi ran nan, da yau jikokinsa ba su san fuskarsa ba.