Liliu a Littafin 'Yan Aji Uku

A shekarar 1956, da mishan ta turo Malam Yosaya koyarwa a wani ƙauye na tsibirin Kiriwina, ya fara haɗuwa da Tobudiya. Ya same shi a gona yana kafa wa doya sanda, bakinsa ja wur da irin goronsu da suke kira buwa.

Malam ya ce, "Baba, an ce kai ne sarkin tatsuniya a nan."

Tobudiya ya tofar da jan yawu, ya ce, "Tatsuniyar kakarka! Kukwanebu ake yi wa yara da damina su yi dariya, kowa ya ƙara gishirinsa. Nawa liliu ne. Wanda ke riƙe da shi, shi ke da ƙasa."

Liliu ɗin labarin Bokaluva ne, uwar zuriyarsu: yadda ta fito daga wani rami a cikin dutse tare da wanta, da sunan kowace gona da ta taka. Daga bakin kawu yake zuwa kunnen ɗan 'yar'uwa, ba ya ratsewa. Tobudiya bai taɓa riƙe alli ba, amma bai taɓa tsallake suna ɗaya ba.

Magajinsa ɗaya ne, Mwasilibu ɗan ƙanwarsa, shi kuwa ya tafi Port Moresby dako a tashar jirgin ruwa, ya ƙi dawowa. Da haƙoran Tobudiya suka fara zubewa sai ya zo makaranta da kansa.

"Kai mai farin wando, rubuta ka aika masa. Tunda ya ƙi kawo kunnensa, a kai wa idonsa."

Kwana uku Malam yana rubutu. Labarin ya ƙayatar da shi ƙwarai, har ya ga asara ce mutum ɗaya ya karanta. Ya kwafi wani ya aika wa masu buga littafin karatu, bai tambayi kowa ba. Suka sa shi tsakanin tatsuniyar kaguwa da ta ɓera, da zane a gefe. Cikin shekara biyar babu ɗan aji uku a tsibirin da bai haddace shi ba.

A 1968 mutanen wani ƙauye da ke gabas suka ce gonakin da Bokaluva ta taka nasu ne. Ranar shari'a Tobudiya ya shafa man kwakwa, ya miƙe gaban Baturen gwamnati ya fara jero liliu. Bai kai gona ta huɗu ba wani saurayi daga can ɓangaren ya karɓe, ya rattaba sauran tas, yana murmushi.

Saurayin ya ce, "Tsoho, mu ma kakarmu ce. Ka gaji, zauna na ƙarasa maka."

Aka miƙa wa Bature littafin. Ya duba zanen, ya ce ba a raba ƙasa da tatsuniyar yara. Malam, wanda shi ne tafinta, da bakinsa ya juya wannan magana. Aka bai wa masu yawan shaidu gonakin.

Tobudiya bai zagi Malam ba, Malam kuwa ya fi son a ce ya zage shi. Tsohon ya koma noman aro a gonar surukinsa, ƙasa mai tsakuwa. In sun haɗu a hanya yakan gaida Malam kamar kullum, sai dai bai sake miƙa masa buwa ba. Mwasilibu kuwa ko amsar wasiƙa bai aiko ba.

A al'adar wurin, wanda ya yi maka aiki da doya ake sallamarsa lokacin girbi. Malam ya ɗauka maganar tasa sallamar ta mutu a kotu. Amma a girbin 1971, wata biyu kafin rasuwar Tobudiya, Malam ya fito da safe ya tarar da tulin doya a ƙofar gidansa, an kankare ta tas, an jera manya a waje yadda ake yi wa mai daraja. Doyar tsakuwa ce, duk a ƙanjame. Ƙanwar Tobudiya na tsaye gefe da kwando.

Ta ce, "Yaya ya ce ladan rubutunka ne. Wai ka rubuta daidai, ba ka tsallake ko suna ɗaya ba."