Ranar da Baba Gide Ya Tsayar da Turamen Gari

Idan aka sallame asuba a Ƙanƙara, Baba Gide ba ya komawa barci. Yakan zauna a bakin zaurensa ya jawo igiyar nan tasa ta rama, ya bi ta da yatsu daga wannan kai zuwa wancan, yana laluben inda ta fara ci. In ya gama sai ya naɗe ta, ya goge dagi, wato dogon ƙarfen nan na haƙa, ya duba lagwanin fitila, sannan ya karɓi kokonsa. Bana bai shiga rijiyar kowa ba, kuma ba zai ƙara shiga ba, don gwiwa ta ƙi, kunne ma ya yi nauyi. Amma je ka gaya wa hannunsa haka. Matarsa ta yi tsiya har ta gaji, tana cewa igiya ta fi mutanen gida samun gaisuwar safe.

Haƙar rijiya ce sana'arsa tun yana saurayi. Daga Ƙanƙara zuwa Faskari, har can dazukan Sabuwa inda saiwar itace kan wahalar da mahaƙi, da wuya ka yi yini kana tafiya ba ka sha ruwan da shi ya tono ba. Mu kuwa mun iya shan ruwa mu goge baki, ba mu taɓa tambayar wa ya sauka ƙasa ya kawo shi ba.

Yana da wani hali da iyaye ba su so. Ko'ina ake haƙa, yara kan yi dafifi a bakin rami, sauran mahaƙa kuma su kore su da tsumagiya. Shi Baba Gide in ya fito shan iska sai ya zaunar da su nesa da bakin, ya yi ta koya masu abin da za su yi in ƙasa ta rufta da su, ko in sun ɓace a kogunan duwatsun Faskari wajen ɗibar kashin jemage. "Ku sa hannu ku kare hanci da baki. Kada ku yi ta ihu, ihu numfashi shika ci, kuma ƙasa ba ta bari shi fita. Ku lalubi dutse ku yi ta bugawa. In kun gaji ku huta, ku sake." Uwaye su leƙo ta kan danga su ce, "Haba Baba, ka daina yi wa 'ya'yanmu baki." Sai ya ce to, gobe kuma ya sake.

Kaɗan ne suka san dalili. Yana da wa, Mamuda, wanda ya koya masa aikin. Suna cikin haƙar wata rijiya a Mairuwa ta rufta, Mamuda na ƙasa, Gide na riƙe da igiya. Aka tona, aka kira, aka gaji. Da aka kwana ba labari, dattawa suka yi abin da aka gada: suka ja sahu a bakin ramin, aka yi masa salla, aka cike, ramin ya zama kabarinsa. Ba mugunta ba ce. Ana gudun kada a sake rasa wani rai wajen neman gawa, kuma ba a son barin mamaci ba salla. Gide ya bi sahu kamar kowa, amma daga ranar bai ƙara yarda cewa rashin amsa yana nufin mutuwa ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a shekarar ƙarin albashin Udoji, lokacin da kuɗin mai suka buɗe, samari suka watse Kaduna leburanci, kamfani kuma yana fasa hanya ta gefen Pauwa da katafila. A wani ƙaramin gari kusa da nan akwai ramin farar ƙasa a gindin tudu, inda mata ke ɗiba don shafen ɗaki in salla ta gabato. Mai kyan tana can ciki, don haka tun zamanin kakanni ake bin ta a kwance, har ramin ya zama dogon lungu da sai da rarrafe ake shiga. Wata safiya Safara'u, matar wani manomi Lawwali, ta kwance goyonta ta miƙa wa ƙawarta Barakatu, ta ɗauki ƙwarya da 'yar fartanya ta shiga. Ba ta daɗe ba bakin ramin ya zube.

Maza suka zo da garma da shebur suka hau kan tudun, suka yi ta tono daga sama. Duk abin da suka kwashe sai wani ya gangaro ya cike gurbinsa, har ƙasar ta kusa haɗiye ɗaya daga cikinsu. Suka yi ta kiran sunanta, mata na kuka, jama'ar ƙauyukan kusa na ta ƙaruwa a kan tudun. Aka kwana a haka. Washegari bayan azahar dattawa suka ce a haƙura. Liman ya fito, aka fara jan sahu, mata kuma suka koma gida dakan gumbar sadaka.

Baba Gide yana aikin wata rijiya a ƙauyen gaba, a bakin wani mai keke ya ji. Ya iso da laka har gwiwa, dagi a kafaɗa, igiya a wuya, ya ratsa ta gaban sahu ya durƙusa wa liman.

"Allah gafarta Malam, a dakata mani kaɗan."

Liman dattijo ne mai sauƙin kai. Ya ce, "Malam Gide, tun jiya da hantsi fa. Mun kira ta har muryoyinmu sun dishe."

"Kun kira, Malam. To wa ya saurara?"

Gaskiya ba wanda ya saurara. Tun da abin ya faru wurin bai yi shiru ba ko na ƙiftawar ido.

Baba Gide ya sa kowa ya sauka daga kan tudun. Aka janye jakuna, aka kai jaririn can bakin gona don kukansa, aka tura wani ya roƙi Sha'ibu direban katafila ya kashe injinsa. Sannan Baba Gide ya kafa dagi a gefen da ƙasa ke da ƙarfi, ya durƙusa, ya ɗora kunne a kan ƙarfen ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya tambaya ko ana daka a gari. Aka ce masa gumbar sadaka ce.

"A tsai da turamen duka."

Barakatu ce ta ruga. Ta bi gida gida tana karɓe taɓare daga hannun mata, har wata tsohuwa ta zage ta don ta hana a yi wa mamaciya sadaka. Gari ya yi tsit, kana jin kurciya daga nesa. Baba Gide ya mayar da kunne. Ba turmi ko ɗaya da ke motsi a garin nan, amma dakan bai tsaya ba. Yana nan can ƙasa, siriri, bugu na bin bugu, sai ɗan tsayawa, sai ya ci gaba. Dutsen da ke faɗuwa don kansa ba ya bin tsari irin wannan.

Ya yafuto Lawwali ya ce ya sa kunne. Lawwali ya durƙusa ya sa. Can sai ya ce, "Lugude ne, Baba. Hannunta ne. Ka ji inda take tsayawa? Nan ne takan cilla taɓarya sama ta yi tafi." Daga nan ya zauna dirshan a ƙasa. Liman ya juya ya ce wa sahu, "Ku tuɓe riguna, aiki ya same mu."

Sha'ibu ya ce ko ya kawo katafila ta kwashe tudun. Baba Gide ya ce nauyinta zai danne ɗan wurin da ya rage mata, bututun ƙarfe yake so in kamfani na da shi. Sha'ibu ya ɗauko shi a kafaɗa, bai kuma koma aiki ba ranar nan, shebur ya kama. Suka soka bututun a karkace, a hankali, suna zare ƙasar da ta toshe shi da sanda, har ya faɗa cikin sarari. Baba Gide ya sa baki ya ce, "Safara'u, Gide ne mai rijiya. Kada ki yi magana mai yawa." Murya ta fito kamar daga cikin tulu: "Baba, an ba yaron wani abu ya sha?" Aka ce mata ya sha. Aka tsiyaya mata ruwa kaɗan kaɗan ta bututun.

Bai taɓa inda ya rufta ba. Sabon rami ya sara a gefe, a ƙasa mai ƙarfi, ya sauka kamar yadda yake haƙar rijiya, sannan ya juya ya nufi inda take a kwance. Duk inda ya ci gaba sai ya tokare sama da azara da ƙyauren ɗaki, kuma a ranar gidaje da yawa sun rasa ƙyamarensu, har na masallaci. Fitila tana gabansa. In harshen wutar ya fara ƙanƙancewa ya san iska ta lalace, sai ya ja igiya, na sama su zura reshe mai ganye su yi ta kaɗawa sama da ƙasa har wutar ta miƙe. Da ya matso kusa ya ajiye ƙarfe ya koma tono da hannu da ƙwarya. Ƙafarta ya fara taɓawa. Wani falalen dutse ya danne mata ƙauri, na sama kuwa har sun fara cewa a ɗaura igiya a ja. Ya ce ba mai jan kowa. Ya rarake ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar har ta zame don kanta.

Rana na gab da faɗuwa aka fito da ita, ya ɗaure mata ido da rawaninsa saboda haske, jikinta fari fat kamar an tsoma ta a gari. Gumbar da aka daka ba ta yi asara ba, an raba ta sadakar godiya, Safara'u ma ta ci rabonta. Har yau mata na tsokanarta da cewa ita kaɗai ce ta ɗanɗani gumbar mutuwarta ta ce sukari bai ji ba.

Da ta samu sauƙi aka tambaye ta yadda ta yi. Ta ce da farko ihu ta yi har ƙirjinta ya ɗaure, sai ta tuna tana yarinya an yi haƙar rijiya a gidan ubanta, mai haƙar ya zaunar da su ya ce a nemi dutse. Ta yi ta bugu ba amsa, don hayaniyar sama ta rufe komai. "Can sai na ji daka ta cikin ƙasa. Na ce ashe gari na kusa, bari in kama masu lugude ko wata ta gane. Ban san tawa ake dakawa ba."

Lawwali ne ya ba ni ƙarshen labarin. Ya ce da jama'a suka bi Safara'u gida, ya koma neman Baba Gide don ya yi godiya, ya same shi a bakin rafi yana wanke laka. Ya gama wankewa amma bai tashi ba. Bai kuma juyo ba ya ce, "A Mairuwa ma ana daka ranar nan. Ban ce a tsaya ba, ban san in ce ba." Ya ɗauki daginsa ya koma kan rijiyar da ya bari.

Baba Gide, kai ne ka ratsa sahu da laka a ƙafa ba ka raina liman ba, ba ka kuma bar shi ya ta da kabbara ba. Kai ne iyaye suka ce kana yi wa 'ya'yansu baki, ka ce to, ka ci gaba. Daga ranar nan, a ƙauyukan da suka ji labari, ba a ƙara jan sahu a bakin rami ba sai an kafa dagi an yi shiru. Mun gode, maƙi gudu, mai shiga inda ake fitowa. Allah ya jiƙan Mamuda, ya ba ka ladan duk wanda ya sha ruwanka.

Ku kuma samarin da kuka tafi birni, ana ta yi mana alkawarin famfo, amma mata na nan na rarrafe cikin ramin farar ƙasa, yara na nan na shiga kogo. Igiya da dagi suna zaure, mai su yana da rai, bakinsa kuma garau yake. Wani ya zo ya zauna ya koya. Iyaye, ku bar shi ya gaya wa yaranku, ko ku gaya masu da kanku.

Safara'u takan zo Ƙanƙara ranar kasuwa, tana ɗan ɗingishi, yaron nan da ke goye ranar na biye da ita. Ba ta yi wa Baba Gide sallama, don ta san ba zai ji ba. Takan wuce cikin gida ta karɓi taɓarya daga hannun matarsa ta fara daka, ta tsaya ta yi tafi, ta ci gaba. Shi yana zaure, tafin ƙafarsa a ƙasa, igiya a cinya. Sai ka ga yatsunsa sun tsaya, ya ɗaga kai ya ce, "Ku shimfiɗa tabarma, Safara'u ta zo."