Jikan Masunta Mai Tsoron Ruwa

Duk wanda ya ji cewa Dikko mutumin Yawuri ne, jikan masunta, sai ya ɗauka kifi ne a ruwa. Ina! Ko gada zai haye sai ya kau da kai. Tun ranar da kwalekwale ya kife da shi da ƙanensa Gafaru a hanyar cin kasuwa, aka tsamo shi, aka nemi Gafaru har aka gaji, ya yi sallama da kogi. Da ya tashi barin gida ma, ƙasar rairayi ya zaɓa.

A Doha ya samu gadi a wani otal, yana kwana a unguwar Mansura, ɗaki ɗaya da wasu Hausawa. Sai korona ta zo, otal ya rufe, aka zauna ana kallon juna ta saman takunkumi. Da abubuwa suka lafa, aikin da kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya samo masa shi ne taya kuku a jirgin ruwan masu bincike, waɗanda ke fita tsakiyar teku duba murjani mai rai da ke can ƙasa. Mutum ya gudo daga kogi, a miƙa masa teku! To amma akwai tsohuwa a gida, ga 'ya'yan Gafaru biyu. Ya ce ya gode.

Dabararsa ɗaya ce: kada ya fito daga kicin. Nan yake yankan albasa, nan yake salla, tagar ma ya rataye mata tawul. Ba wanda ya sani, domin in aka sani, wa zai ajiye mai tsoron ruwa a jirgi?

Lokacin gasar kofin duniya suka sake fita. Gari ya cika ya batse, abokan ɗakinsa na yi masa tsiya wai duniya ta zo Doha shi kuma ya tafi gaida kifaye. A wannan fitar zazzaɓi ya kama ma'aikata biyu, aka killace su. Na'urar da ake zurawa ƙasa da kyamara kuwa doguwar igiya gare ta, dole sai da mai riƙewa a bakin jirgi. Shugaban ma'aikata ya leƙo kicin ya ce, "Yalla, Dikko, fito."

Wallahi abin tausayi. Ya riƙe igiyar, ido a rufe, yana ta salati har aka sallame shi. Haulatu ce kaɗai ta lura, wata ɗaliba 'yar Zariya da ke cikin masu binciken. Ta same shi ya jingina da bango, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

"Malam Dikko, ruwa kake tsoro?"

Nan take ransa ya gama ba shi cewa aiki ya tafi.

"Ba wanda zai ji daga bakina," in ji ta. "Amma zo ka ga abin da ka riƙe."

Ta kai shi ɗakin da hoton kyamarar ke fitowa. Shi dai abin da ya sani game da ƙasan ruwa shi ne duhu da laka, wurin da ya baro ɗan'uwansa shi kaɗai. Sai ga fitilar na'ura ta haska wasu rassa ja da ruwan ɗorawa suna kaɗawa a hankali, ƙananan kifaye na shige da fice kamar yara a gidan biki.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malama, kowane ruwa haka ƙasansa yake? Har kogi?"

"Gaskiya kogi ba shi da murjani," ta ce. "Amma ban taɓa leƙa ƙasan ruwa na tarar ba kowa ba. Me ya sa?"

Dikko ya zauna a kan kujerar da ba tasa ba, ya goge fuska da gefen riga.

"Ina da ƙane," ya ce. "Kullum ina ganin shi kaɗai ne a can."