Mai Ɗaukar Hoton Duhu

A rumfar cajin waya, gefen masu tattasai a kasuwar Diffa, wani dattijo siriri yana zaune, gilashinsa ɗaure da zare. Ya haɗa kyamara da tsohuwar kwamfuta, amma bai cire murfin idonta ba. Yana latsawa, hoton yana fitowa baƙi ƙirin.

Na ce, "Malam, ai a rufe take."

"Na sani. Duhu nake ɗauka. Da shi ake goge dattin kyamara daga hoton taurari."

"To ina taurarin?"

"Madubina na hangen taurari na baro shi a Damasak. Shekara tara ke nan da muka gudo, muka ƙetaro kogin Komadugu."

Ina jin malamin makaranta ne a da. Ya sake latsawa, ya adana wani baƙin a hankali, kamar gobe za a buƙace shi.